Babi na Biyar: Baƙuncin da Girgizar Ƙasa Ta Tsawaita

Ranar Asabar, 25 ga Afrilu, 2015, saura minti huɗu sha biyun rana ta cika, ƙasa ta girgiza a Nepal. Ƙarfin girgizar ya kai maki 7.8, cibiyarta kuma tana gundumar Gorkha, arewa maso yamma da Katmandu, babban birnin ƙasar. Kafin mutane su gama tantance abin da ke faruwa, hasumiyar Dharahara, wadda aka gina tun 1832, ta kife da waɗanda suka hau ta kallon gari. A can cikin tsaunuka, ƙanƙara da duwatsu suka gangaro suka binne ƙauyen Langtang kusan ɗungurungum. Masu hawan dutsen Everest ma ba su tsira ba, domin ƙanƙarar ta iske su har cikin tantunansu. Ana cikin tonon gawarwaki, ranar 12 ga Mayu wata girgizar mai maki 7.3 ta biyo baya ta ƙarasa ginin da ya rage a tsaye. Da aka yi lissafi, mutum kusan 9,000 sun rasu, fiye da 20,000 sun ji rauni, gidaje sama da rabin miliyan sun rushe. Abu ɗaya ya rage yawan asarar rai: Asabar ce ranar hutun mako a Nepal, don haka dubban azuzuwan makaranta sun zube ne babu yara a ciki.

A lokacin da wannan ke faruwa, ƙarfe biyu ne na dare da 'yan mintoci a New York. A unguwar Jackson Heights da ke yankin Queens, inda 'yan Nepal suka fi taruwa a birnin, waya ce ta tashi mutane daga barci. Wasu kuma rashin shigar wayar ne ya hana su komawa barcin, sai bugawa suke yi layi ba ya tafiya. Da gari ya waye suka cika dandalin unguwar da kyandirori da akwatunan tara taimako. Amma da yawa daga cikin masu kunna kyandir ɗin suna ɗauke da wata damuwa ta biyu wadda ba a faɗa da ƙarfi. Wani ɗalibi ne da iyayensa ke biya masa kuɗin makaranta daga shagon da yanzu ya zama tarin bulo. Wata ta shigo da bizar ziyara, kwanakinta sun kusa cika. Wani ya gudo tun lokacin yaƙin 'yan tawayen Mao da aka yi daga 1996 zuwa 2006, ya nemi mafaka, shari'arsa tana nan a rataye. Wasu kuma bizarsu ta daɗe da mutuwa, suna aiki a ɓoye. Duk waɗannan, a idon doka, mutane ne da ya kamata su koma gida yau ko gobe. To, gidan fa?

Amurka tana da doka a kan irin wannan hali, kuma ba don Nepal aka yi ta ba. A 1990 ne majalisar dokokin ƙasar ta zartar da babbar dokar shige da fice, Shugaba George Bush na farko ya sa mata hannu. A cikinta aka ƙirƙiro abin da ake taƙaita sunansa da TPS, wato izinin zama na wucin gadi ga baƙin da komawa ƙasarsu ta zama haɗari. 'Yan El Salvador da suka tsere wa yaƙin basasa su ne suka fara cin moriyarsa. Dalili uku dokar ta amince da su: ana yaƙi a ƙasar, ko wani bala'i irin girgizar ƙasa, ambaliya, fari ko annoba ya afka mata, ko kuwa wani yanayi na musamman ya taso wanda ake sa ran zai wuce. Idan bala'i ne, akwai ƙarin sharaɗi: sai gwamnatin ƙasar da kanta ta rubuto a hukumance ta ce ba za ta iya karɓar mutanenta yanzu ba. Ikon amincewa yana hannun mutum ɗaya, Sakataren Tsaron Cikin Gida. Shi zai ba da wa'adi tsakanin wata 6 zuwa wata 18, kuma kwana 60 kafin wa'adin ya cika dole ya sake duba halin da ƙasar ke ciki, ya ƙara ko ya soke.

Gwamnatin Nepal ta rubuta. Ƙungiyoyin 'yan ƙasar mazauna Amurka, musamman Adhikaar, wadda ke kare haƙƙin ma'aikata masu jin harshen Nepal a Queens, suka yi ta tattara sa hannu suna bin ofisoshin 'yan majalisa. Ranar 24 ga Yuni, 2015, wata biyu bayan girgizar, Sakatare Jeh Johnson na gwamnatin Obama ya sanya Nepal cikin jerin, na tsawon wata 18, zuwa 24 ga Disamba, 2016.

A nan ya kamata mai karatu ya lura da wani abu da yakan rikita mutane. Wannan izini bai ɗauko ko mutum ɗaya daga ƙarƙashin ɓaraguzan Gorkha ya kai shi Amurka ba. Matar da gidanta ya rushe a Sindhupalchok, gundumar da ta fi kowace asarar rayuka, ba ta da rabo a ciki ko da ta samu kuɗin jirgi. Sharaɗin shi ne mutum ya kasance yana zaune a Amurka tun daga ranar 24 ga Yunin. Wanda ya sauka washegari ya makara. Wanda aka taɓa samu da babban laifi guda, ko ƙananan laifuka biyu, shi ma babu shi. Sauran kuwa an ba su kwana 180 su cike takardu, su je a ɗauki hoton yatsunsu, su biya kuɗi. A lokacin dala 50 ce ta rajista, 85 ta hoton yatsu, 380 ta takardar izinin aiki, jimilla dala 515 ke nan a kan kowane baligi. Abin da mutum zai samu iri biyu ne: ba za a tasa ƙeyarsa ba muddin wa'adin bai ƙare ba, kuma zai yi aiki a sarari. Abin da ba zai samu ba shi ne hanyar zama ɗan ƙasa. Ko shekara nawa ya yi a kan wannan izini, ba a lissafa masa su a matsayin matakin samun katin zama na dindindin. Ba zai iya ɗauko matarsa ko 'ya'yansa da ya bari a gida ba. Idan zai fita ƙasar, sai ya nemi wani izinin daban tun kafin ya tafi, in ba haka ba ƙofa ta rufe a bayansa.

Wani zai ce, to ina amfanin taimakon da bai isa ga waɗanda abin ya shafa ba? Ya isa, sai dai ta bayan gida ya bi. Nepal ƙasa ce da ke rayuwa da guminta na waje. Kuɗin da 'ya'yanta ke aikowa daga ƙetare ya kai wajen kashi ɗaya cikin huɗu na duk tattalin arzikinta, wasu shekarun ma ya haura. Ƙasashen da suka kai ta dogaro da wannan hanya a duniya ba su da yawa. Asarar da girgizar ta jawo an ƙiyasta ta kusan dala biliyan 7, kimanin sulusin abin da ƙasar ke samarwa a shekara. A irin wannan hali, mutumin da ke wanke kwanuka a gidan abinci a Dallas yana aika dala ɗari uku duk wata ya fi amfani ga iyayensa a can inda yake. In aka dawo da shi, an ƙara baki ɗaya a cikin tanti, an kuma toshe hanyar da kwanon rufi da siminti za su fito. Kuɗin masu ba da agaji sai ya bi ta ofis-ofis, a yi taro, a rubuta rahoto. Kuɗin ɗa kuwa yau ya aika, gobe uwarsa ta karɓa. A ganina wannan ita ce hujja mafi ƙarfi da tsarin yake da ita, ta fi ta tausayi ƙarfi, domin ko wanda ba ya son baƙi zai iya yin wannan lissafin.

Sai dai mafi yawan 'yan Nepal da ke ƙetare ba a Amurka suke ba. Suna Indiya, inda yarjejeniyar 1950 ta ba su damar shiga da fita ba biza, suna Maleshiya, suna Katar da Saudiyya da Daular Larabawa. Su matsalarsu ta zo ne a juye. Na Amurka suna roƙon kada a mayar da su gida, na Tekun Fasha suna roƙon a bar su su je. Duk wanda ya san zaman Saudiyya ya san kafala, ya san yadda fasfo ke kwana a aljihun kafili. A Katar ta wancan lokaci ma'aikaci ba ya fita ƙasar sai mai gidansa ya sa hannu. Ministan ƙwadago na Nepal na lokacin, Tek Bahadur Gurung, ya fito fili a watan Mayun 2015 ya koka cewa an hana ma'aikatan ƙasarsa da ke gina filayen gasar cin kofin duniya zuwa jana'izar 'yan'uwansu. Kuma ga mabiya addinin Hindu, waɗanda su ne mafi rinjaye a Nepal, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Ɗa namiji ne ke sa wa gawar mahaifinsa wuta, sannan ya zauna makoki na kwana 13. A bakin kogin Bagmati, kusa da wurin bautar Pashupatinath, wuta ba ta mutu ba dare da rana a makon girgizar, kuma gawarwaki da yawa an ƙone su 'ya'yansu suna can suna ɗaurin rodi a Doha.

Mu koma Amurka mu dubi katin da kansa, domin a kansa rayuwar take. Ɗan kati ne na roba, girman katin cirar kuɗi, da hoton mai shi, da lambar rukuninsa, da ranar da zai mutu. Ga wanda ya shekara biyar yana karɓar ladansa a ambulan, ba shi da bakin yin ƙorafi in an rage, wannan kati ya canza kusan komai. Da shi zai samu lambar da ake biyan haraji da ita, ya yi lasin tuƙi, ya buɗe asusun banki, ya kama haya da sunansa. Mata 'yan Nepal da yawa a New York aikin gyaran farce suke yi, wasu kuma aikatau da renon yara. A watan Mayun 2015 ɗin nan ne jaridar New York Times ta fallasa yadda ake cutar masu gyaran farce a birnin, ana biyansu ƙasa da mafi ƙarancin albashi, suna shaƙar sinadarai yini guda. Matar da ba ta da takarda, in mai shago ya danne mata kuɗi, sai dai ta haɗiye. Wadda ke da kati tana iya cewa a'a, ta tsallaka titi ta nemi wani shagon, ko ma ta tara ta buɗe nata. Maza suka shiga tuƙin tasi da Uber, wasu suka kama gidajen mai da ƙananan kantuna a Texas. Aka yi aure, aka haihu. Duk yaron da aka haifa a can kuwa ɗan Amurka ne tun ranar da ya faɗo.

A gida kuma gini bai yi saurin da aka zata ba. A taron masu ba da agaji da aka yi a Katmandu cikin Yunin 2015 an yi alkawarin fiye da dala biliyan 4, amma 'yan siyasa suka shagala da rikicin sabon tsarin mulki, wanda aka ƙaddamar ranar 20 ga Satumba. Al'ummar Madhesi ta kudancin ƙasar suka ce an tauye su, aka toshe kan iyakar Indiya har zuwa Fabrairun 2016. Nepal ba ta da teku, man fetur da gas ɗin girki da magani duk ta nan suke shigowa. Mutanen da ke kwana a ƙarƙashin kwano da leda suka ci sanyin hunturu a haka. Hukumar sake gina ƙasa ba ta fara aiki ba sai a Disamban 2015, wata takwas bayan bala'in. Tallafin da aka yanka wa kowane gida rupi 200,000 ne, daga baya aka mayar da shi 300,000, ana biya kashi uku: 50,000 a fara tushe, 150,000 in injiniyan gwamnati ya zo ya ga an bi ƙa'idar gini mai jure girgiza, 100,000 in an kai rufi. A ƙauyen da sai an yi tafiyar yini a ƙafa kafin a kai, jiran injiniya kaɗai yakan ci watanni, kuma kuɗin ba ya isa gina gida. Cikon daga bashi yake fitowa, ko daga ɗan da ke waje. Ganin haka, a ƙarshen 2016 Amurka ta ƙara wa Nepal wata 18, zuwa 24 ga Yuni, 2018.

Kafin wannan wa'adi ya cika mulki ya canza hannu. Gwamnatin Donald Trump ta zo da ra'ayin cewa an mayar da abin wucin gadi na dindindin, kuma ta bi ƙasashen ɗaya bayan ɗaya: Sudan, Nicaragua, Haiti, El Salvador. Ranar 26 ga Afrilu, 2018, kwana ɗaya bayan cikar girgizar shekara uku, Sakatariya Kirstjen Nielsen ta sanar cewa Nepal ta farfaɗo yadda za ta iya karɓar mutanenta. Ta ba su shekara ɗaya su kintsa, zuwa 24 ga Yuni, 2019. Kusan mutum 9,000 aka ce matakin zai shafa.

Daga nan magana ta koma kotu. A Oktoban 2018 wani alƙalin tarayya a San Francisco, Edward Chen, ya dakatar da soke izinin waɗancan ƙasashe huɗu, yana cewa akwai alamar gwamnati ta canza ma'aunin da take amfani da shi ba tare da bayani ba, kuma akwai tambaya a kan ko ƙyamar wasu jinsuna ta shiga cikin shawarar. A Fabrairun 2019 'yan Nepal da 'yan Honduras suka shigar da tasu ƙarar, wadda aka sani da sunan Bhattarai, ɗaya daga cikin masu ƙarar. Cikin waɗanda suka kai ƙarar har da yara 'yan Amurka, waɗanda tambayarsu ita ce: mu bi iyayenmu zuwa ƙasar da ba mu sani ba, ko mu zauna a tamu ba iyaye? Gwamnati ta yarda a ɗaure makomar wannan ƙara da ta farkon. Izinin bai mutu ba, amma kuma bai rayu ba.

Shekarun da suka biyo baya su ne mafi ban takaici, kuma ba a cika ba da labarinsu ba domin babu abin ɗauka a hoto. Gwamnati ba ta riƙa buga sababbin katuna ga kowa ba. Sai dai ta fitar da sanarwa a gazet ɗinta cewa duk katin da ke ɗauke da kwanan wata kaza, an ƙara masa wata tara ko shekara guda. To ka ga mutum riƙe da katin da a fuskarsa ya mutu tun bara. Sai ya je shagon kwamfuta ya buga sanarwar gazet, shafi da yawa na Turancin lauyoyi, ya ninke ya sa a aljihu. Ya kai wa manajan wurin aikinsa, wanda bai taɓa jin sunan gazet ɗin ba, ya yi ta nuna masa sakin layin da ya shafe shi. Ya kai ofishin lasin tuƙi, ma'aikaciyar ta juya katin ta ce ita abin da ta gani a rubuce shi ta sani. Wani ya rasa aiki a haka, wani ya rasa lasi, alhali doka tana gefensa. Banki kuma in za ta ba ka bashin gida na shekara 30, me za ta yi da takardar wata tara? Zaman ya zama irin na ɗan hayar da mai gida ya ce masa kada ya biya na shekara, ya dai riƙa zuwa duk ƙarshen wata a gani: ba a kore shi ba, amma ba zai dasa ko bishiyar zogale a tsakar gidan ba. A 2021 kotun ƙoli ta ƙara rufe wata taga, inda alƙalanta tara suka haɗu a kan cewa wanda ya shigo ƙasar ta ɓarauniyar hanya, samun TPS bai mayar da shi wanda aka shigar bisa ƙa'ida ba, don haka ba zai nemi katin dindindin daga cikin ƙasar ta wannan hanya ba.

A Yunin 2023 gwamnatin Joe Biden ta janye sokewar da Nielsen ta yi, ta ƙara wa Nepal wa'adi zuwa 24 ga Yuni, 2025. Aka ɗan numfasa, amma tsugune ba ta ƙare ba. Trump ya dawo, kuma a farkon Yunin 2025 Sakatariya Kristi Noem ta sake sokewa. Wannan karon kwana 60 kawai aka bayar, zuwa 5 ga Agusta. Ma'aikatar Tsaron Cikin Gida ta ce kimanin 'yan Nepal 12,700 ne ke da izinin, kuma wajen 5,500 daga cikinsu sun riga sun samu katin dindindin ta wasu hanyoyi, kamar aure ko aiki. Saura mutum dubu bakwai da 'yan kai ke nan a tsaka mai wuya. Ranar 31 ga Yuli wata alƙaliya a Kalifoniya, Trina Thompson, ta ɗage sokewar, ta ce alamu sun nuna an yanke hukunci tun kafin a duba halin ƙasar. Ranar 20 ga Agusta kotun ɗaukaka ƙara ta dakatar da umarninta, katunan suka mutu a ranar, shari'ar kuma ta ci gaba da yawo tsakanin kotuna. Ba a yi mako uku da wannan ba matasa masu zanga-zanga suka cika titunan Katmandu, aka cinna wa ginin majalisa wuta, Firayim Minista K. P. Sharma Oli ya sauka.

Yanzu a yi adalci. Da Noem ta ce an sake gina Nepal, ba ƙarya ta yi ba gaba ɗaya. Hukumar sake ginin ta rufe aikinta a Disamban 2021 bayan an tsayar da dubban ɗaruruwan gidaje. Sabuwar hasumiyar Dharahara tana tsaye kusa da kututturen tsohuwar. 'Yan yawon buɗe ido sun dawo. Gaskiya ne an sake yin girgiza a Jajarkot a Nuwamban 2023 wadda ta kashe fiye da mutum 150, an kuma yi ambaliya a Satumban 2024 da ta ci fiye da 200, amma ƙasar da ke zaune a inda faifan ƙasa na Indiya ke kutsawa ƙarƙashin na Asiya ba za ta taɓa rabuwa da girgiza ba. In aka ce sai ranar da Nepal ta daina fuskantar bala'i za a soke izinin, an ce kada a soke shi har abada. Masu wannan ra'ayi suna da wata hujjar: idan duk izinin wucin gadi ya zama ba ya sokuwa, gwamnatocin gaba za su ji tsoron bayar da shi, kuma waɗanda bala'in gobe zai rutsa da su ne za su biya. Suna nuna Honduras da Nicaragua, waɗanda aka ba su saboda guguwar Mitch ta 1998, suka shekara 26 a kai. Suna nuna Sudan, wadda ta shiga jerin tun 1997, da Somaliya tun 1991.

Amma ni inda nake ganin kuskuren ba a nan yake ba. Dokar tana yin tambaya ɗaya ce tak: yaya ƙasar take? An gyara hanyoyi? An buɗe makarantu? Ba ta da wurin da za ta tambayi yaya mutumin yake. Ba ta tambaya ko yaron da aka haifa a shekarar girgizar ya kai aji biyar, kuma Turancinsa ya fi harshen kakarsa ƙarfi. Ba ta tambaya ko mutumin ya shekara goma yana biyan haraji, an ɗauki hoton yatsunsa an bincike shi sau da yawa ba a same shi da laifi ba. A 1990 an rubuta dokar ne da tunanin cewa bala'i zai wuce cikin shekara ɗaya ko biyu, baƙo ya ɗauki jakarsa. Ba a yi tanadin abin da zai faru in gyaran ƙasa ya ci shekara shida, shari'a ta ci wasu biyar ba. Gwamnatin Amurka da kotunanta ne suka tsawaita zaman, su kuma mutanen suka yi abin da kowane ɗan Adam zai yi da shekara goma: suka kafa rayuwa. A zo daga baya a ba su kwana 60 su tattara ta, wannan ba tsari ba ne, ko da kuwa doka ta halatta.

Abin bai tsaya a kan Nepal ba, kuma ya matso kusa da mu fiye da yadda ake zato. An ba Gini da Laberiya da Saliyo irin wannan izini a 2014 saboda cutar Ebola, aka janye a 2017. An ba Kamaru a 2022, aka soke a 2025, a daidai makon da aka tsara na Nepal zai ƙare. Nijeriya da Nijar ba su taɓa shiga jerin ba, duk da Boko Haram da ambaliyar 2022.

Maganin kuwa ba a hannun sakatare yake ba, ba kuma a hannun alƙali ba. Sakatare yana iya ƙara wata 18, wanda ya gaje shi ya soke. Alƙali yana iya dakatarwa, na sama da shi ya ɗage. Majalisa ce kaɗai ke iya cewa wanda ya kai shekara kaza a kan wannan izini, ba shi da laifi, ya nemi zama na dindindin. Kuma ta taɓa yi. 'Yan Laberiya sun shafe kusan shekara 30 ana jan su daga wannan izinin wucin gadi zuwa wancan, tun yaƙin basasar ƙasarsu, har a Disamban 2019 aka cusa wani sashe cikin dokar kasafin tsaro wanda ya ba su damar neman katin dindindin. Trump ne da kansa ya sa wa dokar hannu. Majalisar wakilai ta zartar da ƙudurin da zai yi wa sauran masu TPS irin wannan, har da 'yan Nepal, sau biyu, a 2019 da 2021. Duka biyun a majalisar dattawa suka maƙale, ba a ko kaɗa ƙuri'a a kansu ba.